Tambayoyi da amsoshi kan kula da gwajin rol ɗin Ansible a kan manyan manhajoji daban-daban

Waɗannan tambayoyi na tattara su ne daga abin da abokan aiki a nan Kaduna suke yawan yi mini, musamman matasan da ake turo mana domin sanin makamar aiki. Yawancin sabobin da muke kula da su na ƙananan ma'aikatu ne, makarantu da shaguna da ƙungiyoyi, kuma ba mu ne muka zaɓi babbar manhajar da ke kansu ba, gadonsu muka yi daga waɗanda suka fara kafa su. Shi ya sa a wuri guda za ka tarar da Ubuntu, a wani Debian, a wani kuma Rocky Linux, alhali aikin da ake so su yi iri ɗaya ne.

Mene ne rol, kuma me ya sa yake buƙatar gwaji?

Ansible manhaja ce da ake rubuta mata yadda ake son saba ta kasance, ita kuma ta shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ta aiwatar. Michael DeHaan ne ya fara ta a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Abin da take kira role, wanda mu muke cewa rol, ƙunshi ne na umarni da ke yin aiki guda ɗaya, kamar kafa sabar yanar gizo, ko daidaita agogo, ko buɗe wa ma'aikata asusu. Amfaninsa shi ne a rubuta shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi a kan saba goma ko ɗari, kuma haɗarinsa ma daga nan ya taso, domin kuskure ɗaya a cikinsa zai isa duk sabobin a lokaci guda, sau da yawa da ikon root, wato cikakken iko a kan saba. Gwaji na nufin a gina kwamfutar wucin gadi, a gudanar da rol ɗin a kanta, a duba sakamako, a rushe ta, kafin a kusanci sabar da mutane ke dogaro da ita.

Malam, rol ɗina yana aiki lafiya a Ubuntu. Ai duk Linux ne, me zai hana shi aiki a Rocky?

Abubuwa da yawa, kuma na farkonsu suna ne. Sabar yanar gizo ta Apache sunan fakitinta, wato ƙunshin da ake girka ta da shi, apache2 ne a Debian da Ubuntu, amma httpd ne a dangin Red Hat, wato RHEL (Red Hat Enterprise Linux) da Rocky Linux da AlmaLinux. Fayilolin saitinta suna /etc/apache2 a can, suna /etc/httpd a nan, kuma asusun da take aiki da shi www-data ne a ɗaya, apache a ɗayan. Ana girka fakiti da apt a gidan Debian, da dnf a gidan Red Hat. Sabis ɗin SSH sunansa ssh a Ubuntu, sshd a Rocky. Na tsara lokutan aiki cron ne a can, crond a nan. Wajen kayan tsaro, Ubuntu na zuwa da ufw da AppArmor, Rocky da firewalld da SELinux.

Bambancin suna shi ne mai sauƙi, domin da zarar an yi kuskure Ansible zai tsaya ya yi ƙorafi. Maganinsa sananne ne: a ware fayil ɗin Debian.yml da RedHat.yml a cikin foldar vars, a bar rol ɗin ya ɗauko wanda ya dace bisa abin da ansible_os_family ya nuna. Wanda ya fi cin mutum shi ne bambancin hali, wanda ba ya ƙorafi. A Debian da Ubuntu, da zarar an girka fakiti sabis ɗinsa yana tashi da kansa, a dangin Red Hat kuwa yana nan a kwance sai an tashe shi kuma an umarce shi ya riƙa tashi idan an kunna saba. Wanda ya rubuta rol a Ubuntu zai iya mance wannan mataki gaba ɗaya bai sani ba, rol ɗin ya gama a Rocky ba tare da kuskure ko ɗaya ba, shafin kuma ya ƙi buɗewa. Ko a cikin gida ɗaya ma halin yana sauyawa daga siga zuwa siga: tun daga RHEL 8 aka daina kawo fakitin ntp aka koma chrony, kuma Ubuntu 24.04 na tayar da SSH ta hanyar soket ɗin systemd (manhajar da ke tayar da sabis-sabis), abin da 22.04 ba ya yi.

Wane aiki Molecule yake yi a ciki?

Molecule shi ne kayan gwajin da aka fi amfani da shi wajen rol ɗin Ansible. A fayil ɗin molecule.yml ake jera manhajojin da za a gwada, shi kuma idan aka ba shi umarnin molecule test sai ya bi matakai a jere: ya gina kwamfutocin gwaji, ya shirya su da prepare.yml idan akwai, ya gudanar da rol ɗin ta converge.yml, ya sake gudanar da shi karo na biyu, ya bincika sakamako da verify.yml, sannan ya rushe komai. Lokacin rubutu ba sai an bi dukkan matakan ba. Ana iya tsayawa a molecule converge, a shiga ciki da molecule login a duba da ido, wanda hakan ke rage ɓata lokaci da data sosai. Kafin duk wannan ya kamata ansible-lint da yamllint su fara wucewa a kan fayilolin, tunda su cikin daƙiƙu suke gamawa.

Gwajina ya wuce watan jiya, yau ya faɗi, kuma ban taɓa ko harafi ɗaya ba. Yaya aka yi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ita ce ainihin abin da ake nufi da kula da gwaji. Rol ɗinka yana zaune ne a kan abubuwa aƙalla huɗu da ba naka ba: babbar manhajar da rumbun fakitinta, Ansible kansa da Python, samfurin kwantenar da ake gwaji a ciki (keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfuta mai ɗauke da fayilolin wata babbar manhaja), da injin da ke gudanar da gwajin. Kowannensu yana da masu shi, kuma suna sauya shi bisa jadawalinsu ba tare da sun nemi izininka ba.

Misalin da ya fi girgiza mutane shi ne na CentOS. A Disamba 2020 aka sanar cewa za a daina kula da CentOS 8 a ƙarshen 2021, shekaru da yawa kafin lokacin da aka sa rai, kuma daga nan ne Rocky Linux da AlmaLinux suka samo asali. Bayan wa'adin ya cika an kwashe fakitocinsa zuwa vault.centos.org, sai duk gwajin da ke girka wani abu a CentOS 8 ya faɗi a matakin farko. Haka aka maimaita da CentOS 7 bayan 30 ga Yuni 2024. A ɓangaren Debian kuwa, sigar 12 da ta fito a Yuni 2023 ta hana a girka kayan Python da pip kai tsaye a cikin Python na tsarin, tana mayar da saƙon externally-managed-environment, kuma Ubuntu 24.04 ma haka yake. Rol ɗin da ya shekara biyar yana kiran pip lafiya sai ya tsaya, har sai an koya masa amfani da venv ko fakitin apt.

Ansible kansa ma yana motsi. A siga ta 2.10, a 2020, aka raba shi, aka kwashe yawancin modul, wato sassan da ke aiwatar da umarni, zuwa abin da ake kira collections, sai ya zama dole a faɗi waɗanda rol ke buƙata a requirements.yml. Daga ansible-core 2.17 kuma aka daina goyon bayan Python 2.7 da 3.6 a kan sabar da ake sarrafawa. Wannan ya shafi RHEL 8 da danginsa kai tsaye, domin Python na tsarinsu 3.6 ne kuma da shi dnf ke aiki, don haka wanda yake da irin waɗannan sabobin yakan tsaya a 2.16 domin su. Sai injin gwaji: waɗanda suka dogara da Travis CI sun yi ƙaura bayan an rufe travis-ci.org a 2021, yawancinsu zuwa GitHub Actions, inda shi ma sunan ubuntu-latest yake komawa sabuwar siga lokaci zuwa lokaci. Saboda haka idan gwaji ya yi ja ba ka taɓa komai ba, kada ka fara da zargin rol ɗin. Ka kwatanta rahoton ranar da ya wuce da na yau, ka duba layukan farko inda ake nuna sigogin da aka girka, yawanci amsar tana nan.

To in kulle sigogin kayan gwaji ke nan, kada su motsa?

Ka kulle su a gwajin da ke gudana duk lokacin da aka kawo gyara, domin wanda ya gyara layi ɗaya bai kamata ya sha wahalar abin da ba shi ya jawo ba. Amma ka ajiye gwaji na biyu mai gudana sau ɗaya a mako da sabbin sigogi, wanda aikinsa kawai ya sanar da kai abin da ke tafe. Wanda ya kulle komai ya manta, ranar da tilas ta sa ya sabunta zai tarar da matsalolin shekara biyu sun taru a wuri ɗaya, ga saba tana jira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu za a kiyaye a GitHub Actions: jadawalinsa da agogon UTC yake aiki, wanda Najeriya ke gabansa da awa ɗaya, kuma a ma'ajiyar da take buɗe ga kowa yana dakatar da gwajin jadawali idan aka yi kwana 60 ba a taɓa ta ba, wato daidai irin ma'ajiyar da ta fi buƙatarsa.

Manhajoji nawa ya kamata in sa a jerin gwaji?

Waɗanda kake da su a zahiri, da wadda za ka koma nan gaba kaɗan. Na sha ganin matashi ya rubuta rol na farko ya jera manhajoji tara a meta/main.yml, har da Fedora da Alpine da Arch, saboda ya ga haka manyan ma'ajiyoyi suke yi. A ganina duk sunan da ka rubuta a wannan jeri bashi ne ka ɗauka, domin alkawari ne ga duk wanda zai yi amfani da rol ɗin cewa ka gwada kuma za ka ci gaba da gwadawa. Fedora na fitar da sabuwar siga kusan duk wata shida, kowace kuma ba ta wuce kimanin wata goma sha uku ana kula da ita, don haka wanda ya sa ta ya ɗaukar wa kansa gyara sau biyu a shekara. Alpine ba ya amfani da systemd, OpenRC yake amfani da shi, wanda ke nufin rabin umarnin sabis sai an sake tunaninsu.

Lissafin ma yana ninkuwa da sauri. Manhajoji shida, da sigar Ansible biyu, da yanayin gwaji uku, sun zama gudu 36 a kan kowane ɗan gyara. Idan ana da rol ashirin, ba wanda zai karanta waɗannan rahotanni, kuma gwajin da ba a karanta sakamakonsa kuɗi kawai yake ci. Abin da muke yi shi ne sigar Ubuntu LTS (masu doguwar kulawa) biyu na baya-bayan nan, Debian ɗaya, da ɗaya daga dangin Red Hat. Rocky da Alma duk daga tushen RHEL suke, ban ga dalilin gwada su duka biyun a kowane gyara ba, sai dai idan rol ɗin yana taɓa rumbun fakiti da kansa. Ka kuma sa fail-fast a saitin GitHub Actions ya zama false, domin faɗuwar ɗaya kada ta katse sauran, tunda sanin cewa Debian kaɗai ya faɗi rabin bincike ne.

Kwantena ta isa, ko sai na gina cikakkiyar kwamfutar kwaikwayo?

Kwantenar Docker ko Podman tana tashi cikin daƙiƙu kuma ba ta cin ƙwaƙwalwa, shi ya sa kowa ke fara da ita, kuma ta isa wajen rol ɗin da aikinsa girka fakiti da rubuta fayil ne. Sai dai ba ta da kanel nata, wato zuciyar babbar manhaja, na kwamfutar da ke ɗauke da ita take ara. Kwantenar Rocky da ke gudana a kan laftof mai Ubuntu tana da fayilolin Rocky ne a kan kanel ɗin Ubuntu, don haka duk abin da ya shafi SELinux, da katangar tsaro, da sysctl, da haɗa faifai, da saitin katin sadarwa, ba a gwada shi da gaske ba ko da komai ya yi kore. Samfuran hukuma kuma an rage musu kaya: babu systemd a ciki, kuma na Debian da Ubuntu suna ɗauke da fayil ɗin policy-rc.d mai hana sabis tashi lokacin girkawa, wato halin da na ambata a sama ma ba ya bayyana. Ana iya gina samfuri mai systemd, amma tsofaffi irin CentOS 7 systemd ɗinsu bai san cgroup v2 ba, tsarin kanel na rabon albarkatu wanda Ubuntu 22.04 ke amfani da shi, don haka ba ya tashi a kansa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na rubuta rol na kafa shafin duba sakamakon jarrabawa ga wata makaranta, ya wuce gwaji a kwantena huɗu, na gudanar da shi a sabarsu mai Rocky da yammacin wata Alhamis, shafin ya riƙa mayar da 403, wato saƙon hana shiga. Izinin fayilolin daidai yake, saitin Apache daidai yake. Sai bayan isha'i na gane cewa na ajiye fayilolin a wata folda da na ƙirƙira wadda ba ta da alamar httpd_sys_content_t, SELinux kuma ya hana Apache karanta su, abin da kwantena ba za ta taɓa nuna mini ba. Gyaran bai wuce umarni biyu ba, sefcontext da restorecon. Tun daga ranar, duk rol ɗin da ya taɓa tsaro ko sadarwa sai ya bi ta kwamfutar kwaikwayo ta Vagrant da libvirt aƙalla sau ɗaya kafin a fitar da shi.

Me ya sa Molecule ke gudanar da rol sau biyu?

Domin ya tabbatar cewa gudu na biyu bai canza komai ba. Rol mai kyau idan ya tarar da saba a yadda ake so, sai ya wuce bai taɓa ta ba. Idan yana cewa ya canza wani abu a kowane gudu, to zai riƙa sake tayar da sabis ba dalili, wataƙila a tsakiyar lokacin aiki, kuma ba za ka iya bambance canjin gaske da na bogi a rahoto ba. Masu laifin kusan kullum modul ɗin command da shell ne, domin Ansible bai san abin da umarninka ya yi ba. Ana gyara su da creates, ko da changed_when mai duba ainihin sakamakon. Abin da nake hana yara shi ne liƙa changed_when: false a kan umarnin da yake canza saba da gaske, don kawai matakin ya wuce, domin wannan rufe bakin gwaji ne.

Me ya kamata in bincika a matakin verify?

Abin da mai amfani da sabar zai gani. Idan rol ya ce a girka nginx, kai kuma a verify ka tambaya ko an girka nginx, ba rol ɗinka ka gwada ba, Ansible ka gwada, kuma shi yana da masu gwada shi. Ka tambaya ko tashar 80 tana amsawa, ko shafin ya dawo da 200, lambar da ke nuna ya buɗe lafiya, da rubutun da ake sa rai, ko sabis zai tashi idan aka sake kunna saba, ko asusun da bai kamata ya shiga ba an hana shi. Ana iya rubuta wannan da Ansible kansa ta modul ɗin uri da assert, ko da Testinfra ga wanda ya iya Python. Na fi son na farko a ƙaramar tawaga, saboda duk wanda ya iya rubuta rol zai iya gyara gwajinsa. Kuma duk sabon binciken da ka rubuta, ka lalata rol ɗin da gangan sau ɗaya ka ga ya yi ja, domin na taɓa tarar da binciken da ya yi wata takwas yana kore alhali sharaɗin when da ke kansa ya sa ana tsallake shi a kowace manhaja.

Ga matsalar wuta da tsadar data. Yaya za a yi wannan aiki a Kaduna?

Nauyin gwajin ka ɗora shi a kan injin da ba a ofishinka yake ba. GitHub Actions kyauta ne ga ma'ajiyar da take buɗe, kuma ɗauke wuta a Tudun Wada ko Barnawa bai shafe shi ba. Abin da kake turawa ƴan layukan rubutu ne. A laftof ka gwada manhaja ɗaya kawai yayin rubutu. Idan kuna da yawa a ofis, ku kafa apt-cacher-ng a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke kan inbata, domin fakitin da mutum ɗaya ya sauke kada na biyu ya sake biyan kuɗinsa. Ku gina samfurin gwajinku mai ɗauke da Python da systemd ku ajiye, maimakon girka su a kowane gudu. Tun Nuwamba 2020 Docker Hub ya sa iyaka kan yawan samfuran da ake saukewa ba tare da shiga asusu ba, kuma yana ƙirgawa ne bisa adireshin IP, don haka ofishin da kowa ke kan rauta ɗaya zai iya cika iyakar da wuri. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar gwaji, ka fara da molecule destroy kafin ka sake, domin ragowar kwantenar baya takan sa gwaji ya wuce bisa aikin da gudun farko ya riga ya yi.

Akwai gwajin da yake faɗuwa yau ya wuce gobe. In sa a riƙa maimaita shi har ya wuce?

Idan dalilin sadarwa ne, kamar rumbun fakiti da ya yi jinkirin amsawa, ka sa retries da until a kan wannan umarni kaɗai, tunda sabar gaske ma za ta gamu da irin wannan jinkiri. Idan kuma sabis ne bai gama tashi ba aka bincike shi, wait_for ne maganinsa, ba ƙara daƙiƙun jira da ka ba. Maimaita gwajin gaba ɗaya yana koya wa tawaga cewa ja ba ya nufin komai, kuma ranar da ya yi ja da gaskiya za a danna maimaici a wuce.

Windows fa?

Rol daban za ka rubuta masa. Modul ɗinsa daban ne, masu farawa da win_, ana shiga ta WinRM ko SSH, kuma PowerShell ne ke aiki a can maimakon Python. Gwajinsa sai da kwamfutar kwaikwayo.

Yaushe zan cire tsohuwar manhaja daga jerin?

Ranar da saba ta ƙarshe mai ɗauke da ita ta bar hannunka, ba ranar da masu ita suka daina kula da ita ba. Ubuntu LTS na fitowa a Afrilu duk shekara biyu da kulawar shekara biyar, kuma ta 20.04 ta ƙare a 2025, amma na san sabobi a garin nan da har yanzu suke kanta saboda manhajar lissafin kuɗin da ke ciki ba ta yarda da sabuwa ba. Muddin rol ɗinka yana taɓa irin wannan saba, cire ta daga gwaji bai cire ta daga aiki ba. Ka ware mata layinta da tsohuwar sigar Ansible da ta dace da ita, ka rubuta a README dalilin da ya sa take nan da watan da ake sa ran ƙaura. Idan lokacin ya yi, ka cire ta daga molecule.yml da meta/main.yml a gyara ɗaya, ka bi cikin tasks ka share duk sharaɗin when da aka rubuta dominta, sannan ka ɗaga babbar lambar sigar rol ɗin domin wanda har yanzu yake buƙatarta ya iya tsayawa a tsohuwar.